Zaɓen Limita: Inda Masu Sutudiyo a Yamai Suka Fi Yin Tuntuɓe

Waƙoƙi da yawa da ke fitowa daga ƙananan sutudiyoyin Yamai, daga Bukoki har Talladje, ciwonsu ɗaya ne. Muryar mawaƙi ta fita, kiɗa ya zauna, amma da direban taksi ya ƙara sauti sai ka ji abin yana tsatsagewa, kalangun ya koma kamar ana dukan kwali. Galibi a matakin ƙarshe aka yi ɓarnar, wurin limita, wato filogin ɗin (ƙaramar manhajar sarrafa sauti) da ake ɗorawa a ƙarshen layin masta, inda duk sautukan waƙar ke haɗuwa, don ya hana sauti ƙetare iyaka, ya kuma ba da damar ɗaga ƙarfin waƙar. Abin yana damuna, domin aikin mako guda ne ake lalatawa cikin minti biyar.

Babban kuskuren shi ne yadda ake gwada limita tun farko. Mutum zai ɗora ta, ya ja ƙarfi sama, ya kashe ta ya saurara, ya kunna ya saurara, sai ya ce wannan ta yi. Ai dole ta yi! Kunnen ɗan Adam yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin abin da ya fi daɗi, ko da bambancin desibel (dB, ma'aunin ƙarfin sauti) ɗaya ne. Da wannan gwajin ba ingancin limita ka auna ba, ƙara ka auna. Gyaran shi ne ka daidaita ƙarfin biyun kafin ka yanke hukunci: idan ka ƙara 6 dB a shiga, ka rage 6 dB a fita, sannan ka kwatanta. FabFilter Pro-L 2 tana da maɓallin 1:1 da ke yin wannan da kanta, sauran kuma sai ka yi da hannu. A nan ne za ka ji gaskiyar abin: ko bugun ganga ya rasa kaifinsa, ko muryar tana nutsewa duk lokacin da bas ya shigo, ko tafi da kacau-kacau sun fara soya kunne. Ka zaɓi wurin da waƙar ta fi cika, yawanci amshi, ka maimaita shi ta cikin limita biyu ko uku a ƙarfi ɗaya. Wadda ta bar waƙar ta fi kama da yadda ka haɗa ta, ita ce taka.

Wasu kuma suna ne ke jansu. Sun ga wani injiniya a Amurka ko Faransa yana aiki da Waves L2 ko Ozone ta iZotope, sai su bazama neman kwafin da aka fasa, wanda ke iya zuwa da cutar kwamfuta ko ya rufe maka aiki ana tsakiyar haɗi, mawaƙi na zaune yana jira. Waɗannan kayan masu kyau ne, ba musu. Amma LoudMax kyauta ce, ba ta da nauyi, manyan madannanta biyu ne kawai. Limiter No6 ma kyauta ce ga mai son zurfafawa. Kuma duk babbar manhajar haɗa kiɗa tana zuwa da tata. Wanda kwamfutarsa ta tsufa, ga zafin watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta, limita mai sauƙi da ya sani ciki da waje ta fi masa amfani.

Akwai abin da ya kamata masu FL Studio su duba yau: wasu shafukan farawa na manhajar suna zuwa da Fruity Limiter a kan masta tun kafin ka taɓa komai. Mutum ya yi ta haɗi yana tura sauti cikinta bai sani ba, daga baya ya ƙara wata a kai. Cire ta yayin haɗi, ka bar sarari kamar 6 dB a ƙasan sifili, wato 0 dB, ƙololuwar mita.

Daga nan sai ɗora wa limita aikin da ba nata ba. Idan mitar ta nuna tana danne 7 ko 8 dB a kowane bugu, matsalar tana cikin haɗin, kuma canza filogi ba zai warkar da ita ba. Kusan kullum bas ne mai laifi. Ƙasan sauti ne ke cinye sarari fiye da komai, alhali lasifikar wayar da za a saurari waƙar da ita a fada ba ta ma iya fitar da shi. Koma cikin haɗin, ka yanke abin da ke ƙasa da 30 Hz (Hz shi ne yawan zagayen igiyar sauti a sakan ɗaya), ka raba wa kik, wato babbar ganga, da bas wuri, ka lallashi kalangu da kwamfuresa, mai danne bugun da ya yi yawa, a layinsa shi kaɗai. A ganina danniyar 2 zuwa 4 dB a wuraren da suka fi ƙarfi ta wadatar ga yawancin waƙoƙi.

Madannin Release, mai tsara saurin da limita ke sakin sauti bayan ta danne shi, ma ana wasa da shi. Sautin 50 Hz yana ɗaukar milisakan 20 kafin ya kammala zagaye ɗaya. Idan limita tana saki da sauri fiye da haka, sai ta riƙa bin jikin igiyar bas ɗin tana murɗe ta, ka ji ƙazanta a ƙasa. Idan kuma ta yi jinkiri da yawa, waƙar ta riƙa shaƙa tana fesarwa bayan kowane bugu. In ba ka saba ba, bar shi a kan Auto.

Rufin fita, wato iyakar da limita ba ta barin sauti ya wuce, shi ne inda tsatsagewar nan ta taksi ta fi samo asali. Ana barin sa a 0 dB, mita ta nuna lafiya lau, amma idan aka juya waƙar zuwa MP3, ko YouTube da Facebook suka sake matse ta, sai tsinin sautin ya haura sifili. Don haka ka nemi limita mai True Peak, wadda ke kama wannan ɓoyayyen tsinin, ka sa rufin a -1 dB. Spotify ma abin da ta ba da shawara ke nan, har ta ce -2 ga waƙar da ta fi -14 LUFS ƙarfi (LUFS ma'aunin ƙarfin waƙa ne yadda kunne ke jin sa).

Wannan -14 ɗin yana rikita mutane. Spotify da YouTube suna rage waƙar da ta wuce kusan wannan ma'aunin, saboda haka wanda ya matse waƙarsa har ta mutu bai ci ribar komai a can ba. Sai dai mu a nan waƙa ta fi yawo ta WhatsApp, ta Bluetooth, da katin memori da ake cikawa a kasuwa, inda babu mai daidaita ƙarfi. Waƙar da aka tsayar a -14 za ta yi sanyi kusa da na Najeriya a baful ɗin biki. Ni ina ganin wajen -10 ko -9 ya isa ga kiɗan rawa idan haɗin yana da tsabta, waƙar gurmi ko molo kuwa a bar ta ta yi numfashi. Youlean Loudness Meter tana da nau'in kyauta da zai nuna maka inda kake.

Saura abu biyu ƙanana. Kada ka bar limitar masta a kunne lokacin ɗaukar murya, domin tana leƙen sautin da ke tafe kafin ta saki, wannan jinkirin kuwa yana sa mawaƙi ya ji muryarsa a baya, ya kauce wa kiɗa. Sannan idan za ka sauko daga 24-bit zuwa 16-bit, kunna Dither, ɗan siririn hayaniyar da ke rufe ɓarnar saukowar, sau ɗaya tak, a filogin ƙarshe, kada wani abu mai taɓa sauti ya biyo bayansa.