Babi na 7: Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Maɓallan Kwantirolar DJ

Sannunku da ƙoƙari, 'yan uwa. Duk wanda ya kawo wannan babi ya riga ya iya kunna kwamfuta, ya iya riƙe mawus, ya kuma san inda ya ajiye waƙoƙinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya fara karatu da girmansa. Yanzu za mu haɗa kwantirola da manhajar haɗa kiɗa, yadda in kun taɓa maɓalli a kan tebur, abin da ke kan allon kwamfuta zai amsa. Za mu yi aiki da Mixxx saboda kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Masu VirtualDJ ko Traktor su ma su bi mu, sunayen wurare ne suka bambanta, hanyar ɗaya ce.

Darasi na 1: Abin da ke bi ta cikin waya

Ku ɗauki kwantirolar ku duba ta. Akwai faifai guda biyu masu juyawa, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Akwai maɓallan dannawa, akwai na murɗawa, akwai na ja sama da ƙasa waɗanda ake kira feda. Babu waƙa ko ɗaya a cikin wannan akwati. Waƙa tana cikin kwamfuta. Aikin kwantirola aike ne kawai: kun danna, ta aika wa kwamfuta cewa an danna kaza.

Wannan aike shi ake kira saƙon MIDI. Tun 1983 ake amfani da shi, lokacin da masu ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan, cikinsu har da Dave Smith da Ikutaro Kakehashi mai kamfanin Roland, suka yarda da yare ɗaya don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna. Saƙon MIDI ba sauti ba ne, lambobi ne.

Kowane saƙo da za mu yi aiki da shi yana ɗauke da abu uku. Na farko, irin saƙon da layin da ya biyo. Layukan guda 16 ne, kuma yawancin kwantiroli suna ba wa faifan hagu layinsa, na dama nasa. Na biyu, lambar maɓallin da aka taɓa. Na uku, yawan taɓawar, daga 0 zuwa 127. Maɓallin dannawa yakan aika 127 in kun danna, ya aika 0 in kun saki. Feda in tana can ƙasa 0 ce, in ta kai ƙarshen sama 127 ce. Abin murɗawa in ya tsaya a tsakiya yana wajen 64. Iyakar abin da nake so ku riƙe ke nan.

Darasi na 2: Haɗa waya

Ku rufe Mixxx tukuna. In tana buɗe, ku rufe ta. Ku ɗauko wayar USB da ta zo da kwantirolar. Bakin da yake da faɗi kamar harshe shi ke shiga kwamfuta, ɗaya bakin ya shiga bayan kwantirola. In ya ƙi shiga kada ku tilasta shi, ku juya shi. Fitilun kwantirola za su kama. Sai yanzu ku buɗe Mixxx. Waya tukuna, sannan manhaja.

Kada ku ari wayar cajin waya ku ce ai duk ɗaya ne. Wasu wayoyin wuta kaɗai suke kaiwa, ba sa ɗaukar saƙo; fitila za ta kama, ku yi ta murna, amma kwamfuta ba ta san da zuwan kowa ba.

Ku danna Ctrl ku riƙe, ku ƙara da harafin P. Akwatin saiti zai buɗe. A gefen hagu ku nemi kalmar Controllers, tana farawa da C babba. A ƙarƙashinta za ku ga sunan kwantirolarku. Ku danna sunan, ku sa alama a ɗan akwatin da aka rubuta Enabled kusa da shi. In Mixxx ta riga ta san irin kwantirolarku, za ku sami sunanta a jerin shirye-shiryen da ke wurin, ku zaɓa, kun huta. In babu, ku biyo ni darasi na gaba.

Darasi na 3: Nuna tukuna, sannan a taɓa

A nan mutane suke faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe. Kada kowa ya ji kunya. Na ga dattijo ya yi sau bakwai kafin ya samu, yau kuma shi ke gyara wa wasu.

Ku danna inda aka rubuta Learning Wizard. Daga wannan lokaci kwamfuta ta zama ɗaliba, ku ne malamai. Amma ɗaliba ce mai kama abu na farko da ta ji. Duk maɓallin da ya fara motsi, shi za ta riƙe.

Ku ɗauke hannuwanku duka biyu daga kan kwantirola. Ku ɗora na hagu a cinya.

Da mawus, ku nuna aikin da kuke so a kan allo. Mu fara da maɓallin kunna waƙa na ɓangaren hagu, mai alamar kibiya da ke kallon dama. Ku danna shi a kan allo. A kan allo na ce, ba a kan kwantirola ba. Sai ku danna Learn. Yanzu kwamfuta ta kasa kunne. Da yatsa ɗaya, ku danna maɓallin kunnawa na hagu a kan kwantirola, sau ɗaya. Ku ɗauke yatsa. Ku mayar da hannu cinya.

Za ku ga wasu lambobi da haruffa sun fito. Kada su tsorata ku, saƙon nan ne mai abu uku, an rubuta shi da ƙirgen kwamfuta. In kun ga 90, an danna maɓalli ne a layi na ɗaya. In kun ga B0, an murɗa ko an ja wani abu a layi na ɗaya. In kun ga 7F, 127 ke nan. Ba sai kun haddace ba, ganinsu dai shaida ce saƙo ya isa.

Mu sake. Hannu a cinya. Nuna a kan allo. Danna Learn. Taɓa abu ɗaya. Ɗauke hannu.

Me ya sa nake ta nanata maganar hannu? Wata rana a aji wani bawan Allah ya zo da babbar riga. Ya yi komai daidai, ya nuna a allo, ya danna Learn, ya miƙa hannu zai taɓa maɓallin kunnawa, sai hannun rigarsa ya shafi gefen faifai ya ɗan juya shi. Shi bai ma ji ba. Kwamfuta ta kama faifan. Da muka zo gwaji, ya danna maɓalli shiru, amma da ya motsa faifai sai waƙa ta tashi ta tsaya, ta tashi ta tsaya. Ya ce kayan sun lalace. Babu abin da ya lalace, abin da aka koya mata ta yi. Ku naɗe hannun riga. Mata ku gyara mayafi, kada gefensa ya sauka kan tebur. A kan kwantiroli da yawa saman faifan yana jin taɓawar fata ko da ba a juya shi ba, don haka kada ku dafa shi kuna tunani.

In kun yi kuskure ku danna Retry, ku sake daga farko. Hannu a cinya. Nuna a kan allo. Danna Learn. Taɓa abu ɗaya.

Yanzu feda. Ku nuna fedar ƙarar sauti ta hagu a kan allo, ku danna Learn, sannan ku ja ta kan kwantirola daga can ƙasa har can sama, a hankali, ku dawo da ita. Kada ku ɗan taɓa ta ku saki. Kwamfuta tana so ta ga tafiyar lambobin daga 0 har 127 don ta gane wannan abin ja ne, ba na dannawa ba. Haka za ku yi wa abin murɗawa, daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama.

Zan faɗi gaskiya. Wasunku ba rashin ganewa ke damunsu ba, gaggawa ce. Kuna so ku gama maɓalli talatin cikin minti biyar don ku ji kiɗa. Kuna danna Learn da hannun dama, na hagu yana can yana wasa da faifai. Sau nawa zan faɗa? Ranar da aka ba ku aikin biki, amarya ta shigo, kuka ja feda sai waƙar ta canza maimakon sauti ya ƙaru, ba ni za a kalla ba. Ku koya mata ɗaya, ku gwada shi nan take, sannan ku danna Learn Another ku wuce na gaba. Ku gama hagu kaf kafin ku taɓa dama. Ku ajiye littafi kusa, duk wanda kuka gama ku rubuta sunansa ku ja masa layi.

Kafin ku juya shafi, ku faɗa da baki sau uku: nuna tukuna, sannan a taɓa, abu ɗaya.

Darasi na 4: Sautin da ke tsalle

Wani lokaci fedar da ke kan allo tana ƙasa, ta hannunku tana sama. Kuna taɓa ta sai sauti ya yi tsalle ya daki kunnen jama'a. Maganinsa wani ɗan akwati ne a wurin koyarwar, an rubuta Soft Takeover. Ku sa masa alama ga kowace feda da kowane abin murɗawa. Daga nan kwamfuta ba za ta bi hannunku ba sai fedarku ta iso inda ta allo take. In kuma kun ja sama abu ya yi ƙasa, ku sa alama a Invert.

Darasi na 5: Faifai da fitilu

Faifai ba shi da farko ba shi da ƙarshe, don haka saƙon juyawarsa na gaba ko baya ne kawai. Ku juya shi gaba da baya lokacin koyarwa. Fitilun maɓallai kuwa kwamfuta ce ke aiko musu da saƙo, wannan sai a wani littafin.

Darasi na 6: Ajiyewa

Ku danna Done, sannan OK. Ku rufe Mixxx, ku sake buɗewa, ku gwada kowane maɓalli da ke cikin littafinku.

Aikin gida: ku koya wa kwamfuta maɓallai biyar na hagu, ku kawo littafin mako mai zuwa.