Yadda na raba mana tsarin ɗaga ƙarfe

Mu uku muke bin tsari ɗaya a wurin motsa jikinmu na Agege: kowane ƙarfe sau 10, zagaye uku. Sai jiki ya tsaya cak, ba ci gaba. Ashe burinmu ne ba ɗaya ba, shi ya sa na raba tsarin.

Ni ƙarfi nake nema. Na ƙara nauyi, na rage ɗagawa zuwa sau 3 ko 5, ina hutawa minti 3 tsakanin zagaye, domin babban nauyi sai jiki ya farfaɗo sosai kafin ya sake ɗauka. Tsuguno da ƙarfe a kafaɗa da ɗago shi daga ƙasa su ne ginshiƙina.

Ƙanina kaurin damtse yake so: sau 8 zuwa 12, hutun minti ɗaya da rabi, ga wake da ƙwai da kifi.

Na fi tsayawa kan abokinmu mai dako a kasuwar Mile 12, don wuni yake da buhu a ka, kuma da bayansa yake ciyar da iyali. Na ba shi mara nauyi, sau 15 zuwa 20, ya ƙarfafa baya da ciki, kwana biyu a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Cunkoson Legas ma ba zai bar shi ya zo kullum ba.

Duk wanda adadinsa ya zo masa da sauƙi, ya ƙara kilo 2 a mako mai zuwa, tsokar da ta sha aiki kuma a bar ta awa 48. Yanzu kowa nauyin da yake ɗagawa na ƙaruwa.