Darasi na 7: Kayan da ke raka rigar amarya

To ƴan'uwa mata, yau darasinmu na kasuwa ne da ɗan lissafi. Kowace ta buɗe kayenta.

Ki fara rubuta wannan da manyan baƙaƙe: riga kafin sarƙa. In banda takalmi, kar ki sayi komi sai tela ya gama, ko in hayar farar roba, wato rigar amarya irin ta Turawa, za ki yi don zuwa meri, ofishin magajin gari, to sai kin gwada ta a jikinki. Ni na ga abin da idona a bikin ƙanwata nan Yamai, mun je Babbar Kasuwa tun wata biyu kafin biki muka zuba kuɗi a wata sarƙa mai faɗi, rigar na zuwa ashe wuyanta a rufe yake har maƙogwaro ga duwatsu an jera, sarƙar nan ba inda za ta zauna, haka ta wuni cikin sak. Innarmu har yau in ta tuna sai ta ce "ai na gaya muku".

Don haka ki dubi wuyan rigar. In buɗe yake, sarƙa ta samu fili. In rufe ne ko ya sha aiki, ƴan kunne da awarwaro sun isa. Leshi mai duwatsu ya riga ya yi magana, ki bar shi haka. Shadda kuwa, ko da Getzner ce, tana ɗaukar sarƙa mai nauyi. Ki yanki ɗan ƙyallen rigar wurin tela ki saka a sak, duk abin da za ki saya ki ɗora a kai ki fito da shi hasken rana, fitilar cikin shago maƙaryaciya ce wallahi.

Yanzu karatun lamba. A bayan zobe ko kusa da maƙullin sarƙa akwai ƴar lamba ƙarama, ki roƙi mai shago ya nuna miki. 750 na nufin zinariya kara 18, wato cikin kashi 1000 kashi 750 zinariya ce. 875 kara 21 ke nan. 925 ta azurfa ce. Amma fa lamba kaɗai ba shaida ba ce, ana buga ta ƙarya, ki sa a auna gabanki a rubuta miki giram nawa a takarda. In plake ce, ruwan zinariya kawai aka shafa a sama, ba laifi ki saka ta, laifin a sayar miki da ita kuɗin zinariya. Wata plaken kuma da zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40 zufa ta taɓa ta sai wuya ya kama ƙaiƙayi, ki wuni da ita a gida kafin ranar.

Ni dai ra'ayina, farar riga azurfa ta fi yi mata kyau, kuma ga maƙeranmu a gidan tarihi na Boubou Hama da ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, suna ƙera kuros, abin wuya na azurfa, irin na Agadas da na Tawa, a gabanki ake aikin. Sai dai ki zaɓi ɗaya, ko azurfa ko zinariya, kar ki gwamutsa.

Takalmi: mai tsini da rairayin ƙofar gida ba sa shiri. Ki gwada da yamma lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ki tafi da shi wurin tela don ya auna tsawon rigar a kansa. Kallabi da mayafi kar su yi nauyin da zai sa ki riƙe kai duk yini. Lalle kuma in baƙi ne mai haɗin maganin rina gashi, ki ɗiga kaɗan a hannu ki jira kwana 2, yana ƙona wasu.

Aikin gida. Kun san dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1000. A ce amarya na da jika 40. Ta sayi takalmi jika 12, sak jika 7 da rabi, mayafi jika 9, ta ba mai lalle dala 600. Nawa ya rage mata na ƴan kunne? Ki rubuta amsar da jika, sannan da sefa. Kuma gobe kowace ta zo da zobe ko sarƙa ɗaya daga gida mu nemi lambar tare.