An bar jaki ana dukan taiki: kurakuran da ake yi kan batir da altaneta

Kwanan baya wani dattijo mai Hiace da ke jigila tsakanin Maradi da Tasawa ya shigo garejinmu, ransa a ɓace. Batir na uku ke nan ya saya cikin shekara guda, kuma a ganinsa ƴan kasuwa ne ke sayar masa da jabu. Na ce masa, "Baba, ku yi haƙuri mu ɗora mita tukuna." Da aka tada mota, mitar awon wuta ta tsaya kan bolt 12.9, ƙasa da yadda ya kamata. Ashe batura ukun nan ba su da laifi, yunwa ce ta kashe su. Bel ɗin altaneta ne ya saki, yana zamewa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci min rai, don shi ya fi cin kuɗin mutane: mota ta ƙi tashi da safe, sai a nufi kasuwa neman sabon batir ba tare da an auna komai ba. Batir rumbu ne. Aikinsa ya tada inji, daga nan altaneta, wadda wasu ke kira dinamo, ita ke ba mota wuta, ta kuma mayar masa da abin da aka ɗiba. In ba ta zubawa, ko wane iri ka sayo zai ƙare.

Awon ba shi da wuya. Batirin ƙaramar mota gida shida ne a ciki, kowane gida na riƙe da wajen bolt 2.1. Saboda haka cikakken batir, inji a kashe, yana nuna 12.6 ko 12.7. In ka ga 12.4, ya ragu amma da sauransa. 12.2 kusan rabi ke nan. Wanda ya nuna 12.0 kuwa, kada sunan "batir mai 12" ya ruɗe ka, ya kusa ƙarewa. Mutane da dama a nan suke faɗawa, su ga 12 su ce lafiya lau.

Sai dai kada ka auna da ka kashe mota nan take. Batirin da ya fito daga caji yakan nuna 13 ko sama, kuma wannan kumfa ce kawai. Ka bar shi ya kwana, ko ka kunna fitilun gaba na minti biyu, ka kashe, ka ɗan jira, sannan ka ɗora mita. Lokacin murza makulli kuma, ka sa ido: in lambar ta faɗi ƙasa da 9.6, batirin ba ya ɗaukar nauyi.

Da inji ya tashi, abin da ake so a gani a kan batir shi ne tsakanin 13.8 da 14.4, ko kusa da haka. Ka kunna fitilu da fanka, ka taka totur kaɗan. In mita ta tsaya sama da 13.5, altaneta na aikinta. Manyan motoci masu batir biyu a jere sai ka ninka, wajen 28.

A nan akwai wani ruɗanin. Direba zai auna da sanyin safiya lokacin hunturu ya ga 14.5, ya dawo daga Madarunfa da azahar ya ga 13.8, hankalinsa ya tashi, ya ce altaneta ta fara mutuwa. Haka aka ƙera regileta, wato na'urar da ke daidaita wutar da altaneta ke bayarwa: in ta ji zafi sai ta sassauta, don batir mai zafi ba ya son caji mai ƙarfi. Wasu sababbin motoci ma kwamfuta ce ke juya altaneta, kana tafe ka ga 12.6, ka ɗaga ƙafa daga totur ta haura kusan 15. A irinsu wannan ba ciwo ba ne, kada a buɗe abin da ke lafiya.

Amma a tsohuwar Corolla ko Hilux, in mita ta zauna sama da 15, ka kashe inji. Regileta ta lalace, tana dafa batir. Alamunsa warin ruɓaɓɓen ƙwai, batir ya yi zafi ko ya kumbura, ƙwan fitila na yawan ƙonewa. Na sha jin ana yabon irin wannan altaneta wai tana caji da ƙarfi. A zafinmu na Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, ƴan makonni sun isa ruwan batir ya ƙafe.

Tun da an zo maganar ruwa: in ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa har ya rufe farantan ciki. Kada a zuba asid, don ruwa ne ke tashi, asid na nan. Ruwan rijiya da na famfo kuma suna da gishirin da ke lalata farantan.

Akwai gwajin da nake roƙon ƴan'uwana masu gyara su daina, wato cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu. Iyayen gidanmu sun yi haka a zamanin da babu kwamfuta a mota, mu ma a wurinsu muka gani. Amma batir shi ke shanye tsallen wuta. Da ka cire shi, wutar na iya yin sama farat ɗaya ta ƙona diyod ɗin altaneta (abin da ke hana wuta komawa baya), ko rediyo, ko ƙwaƙwalwar motar gaba ɗaya. Kuma gwajin bai ma faɗin gaskiya, altaneta mai rauni tana iya riƙe inji alhali ba ta iya cika batir. Yarana na gareji sun sani, wanda ya yi wannan a gabana sai mun zauna.

Wani lokacin kuma altaneta ake ɗora wa laifin waya. Ka auna a bayanta ka ga 14.2, a kan batir 13.4. Wutar a hanya take zubewa: kan batir ya yi farin gari, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota ta yi tsatsa. A kwance, a kankare, a ɗaure tamau. Bambancin bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Ka kuma lura da jar fitilar batir da ke gaban direba. Dole ta kama in ka buɗe makulli, ta mutu in inji ya tashi. A tsofaffin motoci da yawa ta cikinta wutar farko ke bi zuwa altaneta, in ƙwanta ya ƙone caji na iya ƙin farawa sai an taka totur sosai.

In batir ya mutu murus aka tada motar da na wani, kada ka bar ta tana silo minti goma ka ce ya cika. A silo altaneta ba ta ba da ƙarfinta duka, kuma cika mataccen batir na sa ta zafi. Ka kai shi wurin masu caji ya kwana. In ya cika, altaneta na ba da 14, amma kullum da safe ka tarar ya sauka, to wani abu na tsotsarsa da dare. Yawanci rediyon da aka haɗa kai tsaye ne, ko fitilar but, ko diyod da ya fashe yana barin wuta ta koma baya. Ana gane ɓarawon ta hanyar sa mita a layin batir, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. In duk an zare ba ta faɗi ba, a cire babbar wayar altaneta a sake dubawa.