Kurakuran da aka fi yi wajen neman ƙungiyar masu barin giya a Kaduna

Mutumin da ya yanke shawarar rabuwa da giya a Kaduna yakan fara ne da tunanin yadda asirinsa zai rufu, kuma daga wannan tsoro ne yawancin kurakurai ke fitowa. Mafi hatsari a cikinsu shi ne ya kulle kansa a ɗaki ya daina sha rana ɗaya, yana cewa sai ya tsarkaka kafin ya nemi kowa. Wanda ya daɗe yana sha kullum, ko burkutu ne ko ogogoro ko 'yar leda, jikinsa ya riga ya saba, kuma idan ya yanke farat ɗaya rawar hannu da gumi da rashin barci na iya kama shi tun bai kai kwana ɗaya ba. Wasu sukan faɗi da farfaɗiya, wasu kuma a kwana na biyu zuwa na huɗu hankalinsu ya rikice su riƙa ganin abin da babu shi, wanda hakan yana iya kisa. Saboda haka likita ne matakin farko. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana kula da masu fama da shaye-shaye, haka ma sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Zuwa Barnawa ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ina takaicin yadda wannan zargi yake hana magidanta masu hankali isa ƙofar da za a taimake su.

A can ne kuma ya fi dacewa a yi tambaya game da ƙungiya. Mutane da yawa sukan tsaya ga bincike a waya ko Facebook, idan ba su ga komai ba su ce babu. Irin waɗannan taruka ba su cika tallata kansu ba, domin ginshiƙinsu rufin asiri ne. Abin da ya kamata shi ne a tambayi likita, ko ma'aikacin jinya, ko mai ba da shawara a ofishin hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ko akwai zaman da waɗanda suka bar sha suke yi a tsakaninsu, da rana da wurin da ake haɗuwa.

Iyalai kuma suna da nasu kuskuren, wanda ya fi ci mini rai. Idan haƙuri ya ƙare, sai a ce a kai shi gidan mari. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana hannu kai wa ga kwalba na ɗan lokaci, amma ba ta koya wa mutum yadda zai wuce mashaya ranar da aka biya albashi. Wannan darasin daga bakin wanda ya taɓa shiga halin ake samunsa. Haka tsarin Alcoholics Anonymous, ƙungiyar da masu barin giya ke taimakon juna, ya faro a 1935 a garin Akron na Amurka, inda mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka gane cewa tattaunawa da juna tana taimaka musu su ƙaurace wa giya. Daga tsarinsu ana iya ɗaukar ma'aunin gane ƙungiya ta gari: mutum ya zo da ƙafarsa, ba a karɓar kuɗin rajista, kuma abin da aka faɗa a zaure ba ya fita waje. Duk inda aka fara maganar sayen wani jiƙo mai yanke sha cikin mako guda, ko ɗaukar hoton mahalarta, a juya.

Akwai kuma mai zaɓar wuri mai nisa don kada a gane shi. Mazaunin Tudun Wada ya ce sai Sabon Tasha, bayan mako uku kuɗin mota ya gagara, zuwa ya tsaya. Gara inda za a iya halarta kowane mako. Kada kuma a yanke hukunci daga zama ɗaya, domin ranar farko kunya ce ke cika kunne. A je sau biyar ko shida tukuna. Liman ko fasto amintacce yana da amfani ƙwarai, sai dai addu'a da nasiha su tafi tare da magani da zaman ƙungiya.

Idan mutum ya koma ruwa bayan wata biyu, yakan ji nauyin haɗa ido da 'yan'uwansa na ƙungiya, sai ya ɓace. Alhali yawancin waɗanda ke zaune a wurin sun taɓa zamewa. Tun zuwan farko ya karɓi lambar wayar mutum ɗaya da ya daɗe da bari, kuma idan ya sake sha ya kira shi a ranar, ya faɗi gaskiyar yawan abin da ya sha, domin a san ko zai koma wurin likita kafin zama na gaba.