Yadda Ake Tara Ruwan Sama Daga Rufin Gida

Ruwan sama ya sauya hali. Duk digiri 1 da zafin duniya ya ƙaru, iska kan riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa a wurare da yawa sai a daɗe ana duban sama shiru, rana ɗaya kuma ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Abin da ke ci mini rai shi ne ruwan nan ya bi kwata ya tafi, bayan 'yan watanni kuma a koma dogon layi a bakin famfo.

Fara da lissafi. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 20, ya ba da lita 1,000 ke nan, sai ka cire kusan kashi ɗaya cikin biyar da zai fantsame. Da haka za ka san girman tankin da ya dace da kai.

Sai ka kafa indararo a gefen rufin, a ɗan karkace zuwa bututun da zai kai tanki, ka sa raga ta tare ganye.

Matakin da aka fi sakaci da shi shi ne ruwan farko, wato wanda ke fara wanke rufin duk sanda ruwa ya sauko. Tara shi a bokiti ka duba: ja ne, ga ƙura, ga kashin tsuntsu, wani lokaci har da mushen ƙwari. Kada ko ɗigonsa ya shiga tanki. Haɗa wani bututu a tsaye mai murfi a ƙasa, ruwan dattin ya fara cika shi kafin mai tsabta ya wuce. Bayan kowane ruwa ka buɗe ka zubar.

Tankin ya zama wanda haske ba ya ratsawa, don kada gansakuka ta fito, a rufe ruf saboda sauro da yara. Ɗora shi a kan daɓen siminti mai ƙarfi, domin lita 1,000 nauyin tan guda ce. Na sha kuwa, a tafasa shi tukuna.

In tanki ya cika, kada rarar ta bi titi. Haƙa rami nesa da masai da harsashin gini, ka cika shi da tsakuwa da yashi, ka juya bututun rarar can. Ƙasa za ta shanye, ta ciyar da ruwan da rijiyoyi ke dogara da shi da rani.