Yadda Ake Cire Sifirin na Tsohuwar Mota a Mayar da Shi

Ana yawan tambayar yadda ake cire sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke kusa da taya yana rage wa mota girgiza, a kuma mayar da shi. Ga matakan:

1. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa wa tayoyi waigi.
2. Ɗaga ta da jak.
3. Ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne.
4. Cire taya.
5. Zuba mai a kan notin da suka yi tsatsa, ka ba su lokaci su jiƙa.
6. Yi alama da alli a inda bakin sifirin yake zaune.
7. Maƙala ƙarafan matse sifirin guda biyu, suna fuskantar juna.
8. Matse su bi da bi, kaɗan-kaɗan, har sifirin ya saki mazauninsa.

Hattara: nan ake jin ciwo. Kada ka taɓa notin sama, wanda ke riƙe da sifirin, kafin sifirin ya saki. Idan ya ƙwace, yana iya karya muƙamuƙi, don haka kawar da fuskarka daga saitinsa.

9. Kwance notin, ka zare sifirin.
10. Duba shi. Mai tsagewa a canja shi tare da na ɗaya ɓangaren.
11. Mayar da shi a matse, bakinsa daidai da alamar allin.
12. Ɗaura noti.
13. Sassauta ƙarafan bi da bi.
14. Mayar da taya, ka sauke motar.